Daga Zauren Maɗori Zuwa Asibitin Dala: Tarihin Jiyyar Ƙashin Yara a Ƙasar Hausa

1.0 Gabatarwa

Masu iya magana kan ce, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Galibi akan kawo wannan karin magana ne a kan tarbiyya, amma a wannan takarda muna so mu ɗauke ta a kan ainihin ma'anarta, watau ƙashin yaro, wanda shi ma ɗanyen icce ne, yana karɓar gyara a wani ƙayyadadden lokaci, in lokacin ya wuce sai ya ƙi.

Maƙasudinmu shi ne mu bi diddigin yadda jiyyar ƙashin yara ta faro, da yadda ta iso ƙasar Hausa ta tarar da sana'ar ɗori da gindinta, da irin zaman da aka yi tsakanin gidajen nan biyu. Abin da muke son tabbatarwa guda ne. A Turai asibitin ƙashi daga cikin gidan maɗora ya tsiro, ya gaji abin da ke da amfani, ya zubar da abin da ke cutarwa. A ƙasarmu kuwa an kafa asibitin ne a gefe guda, maɗori na gefe guda, ba hanya tsakaninsu, kuma a wannan tazara ce yara da yawa suka rasa hannu ko ƙafa.

2.0 Ɗori a ƙasar Hausa kafin zuwan asibiti

Bahaushe ya rarrabe ciwon ƙashi tun da daɗewa. Ya san karaya, ya san tsagewa, ya san gocewar ƙashi, ya san targaɗe, kowanne da sunansa. Ya kuma ware masa ma'aikaci na musamman, watau maɗori, wanda aikinsa ya sha bamban da na wanzami da na boka da na ungozoma. Sana'ar gado ce, ɗa yana koyo a gaban ubansa, kuma a garuruwa da yawa akwai sarautar Sarkin Ɗori, abin da ke nuna cewa hukuma ta san da zamanta.

Yadda ake aikin sananne ne. Maɗori zai lalubi wurin da hannunsa, ya sa a riƙe majiyyaci, ya ja gaɓar har ƙashi ya koma mazauninsa, ya shafa man shanu ko wani haɗi na gidansu, ya yi tofi, sa'an nan ya jera karan dawa ko tsagin gora kewaye da wurin ya ɗaure da ƙyalle ko igiya. Asalin wannan dabara, watau mayar da ƙashi wurinsa da hana shi motsi, ita ce dai ginshiƙin aikin likitan ƙashi har gobe.

Malamanmu ma ba baƙin wannan fanni ba ne. Duk ɗalibin fiƙihu ya karanta hukuncin shafa a kan jabira, watau tsinken ɗori, a babin alwala. Kalmar kuwa daga tushen Larabci na jabru ta fito, wanda ke nufin haɗa abin da ya karye, kuma daga nan ne sunan lissafin aljabara ya samo asali. A Andalus, Abul Ƙasim Azzahrawi, likitan Ƙurɗuba da ya rasu wajen shekarar 1013, ya keɓe sashe guda a littafinsa Attasrif domin karaya da gocewar ƙashi, kuma Turawa sun fassara shi zuwa Latinanci sun yi ƙarnuka suna koyarwa da shi.

Ya kamata mu tambayi kanmu dalilin da ya sa maɗori ya sami amincewar jama'a haka, musamman kan yara. Amsar tana cikin halittar ƙashin yaro. Yana da laushi, har yakan karye ta gefe ɗaya kawai ya lanƙwasa ta ɗayan, kamar reshen da bai bushe ba. Fatar da ke lulluɓe da shi tana da kauri da wadatar jini, saboda haka yana saurin haɗewa: ƙashin cinyar jariri kan haɗe cikin mako uku ko makamancin haka, alhali na babba sai ya yi wata uku ko fiye. Bugu da ƙari, in ya haɗe da ɗan karkata, girma kan miƙar da shi a hankali. Ke nan mafi yawan karayar yara za ta warke a hannun duk wanda ya ɗaure ta da hankali. Maɗori yana kusa, yana jin harshen iyaye, ba ya tsawwala kuɗi, ga kuma shaidar waɗanda suka warke a kowace unguwa.

Sai dai akwai iyakar da iliminsa bai ƙetare ba. Ba ya ganin cikin jiki, ba shi da maganin ƙwayoyin cuta in ƙashi ya huda fata, kuma ba shi da abin yi game da yaron da aka haifa da murɗaɗɗiyar ƙafa, ko wanda shan inna ya shanye, ko wanda tarin fuka ya ci ƙashin bayansa ya bar shi da ƙusumbi. Waɗannan akan jingina su ga iska ko ƙaddara, a bar yaro ya girma da su.

3.0 Yadda fannin ya faro a Turai

Sunan da Turawa suka ba wannan fanni wani malamin likitanci na birnin Faris, Nicolas Andry, ya ƙirƙiro shi a shekarar 1741, daga kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar miƙaƙƙe da yaro. Littafin nasa ba don likitoci ya rubuta shi ba, don iyaye ne, kuma hoton da ya sa a ciki na wani karkataccen icce ne da aka ɗaure a jikin turke domin ya miƙe. Wannan hoto shi ne tambarin likitocin ƙashi a ƙasashe da yawa. Mai sauraro zai lura cewa Bafaranshen nan da Bahaushe misali ɗaya suka buga. A shekarar 1780 kuma Jean-André Venel ya buɗe gidan jiyya a garin Orbe na ƙasar Suwizalan domin yara masu nakasar ƙashi, wanda akan lasafta shi a matsayin asibitin ƙashi na farko. Saboda haka fannin don yara aka kafa shi, daga baya ne yaƙe-yaƙe da haɗurran masana'antu suka faɗaɗa shi zuwa ga manya.

Abin da ya fi shafarmu shi ne labarin gidan Thomas. Su dangin maɗora ne na gado daga tsibirin Angilsi a yankin Wales. Ɗaya daga cikinsu, Evan Thomas, ya koma birnin Libaful yana ɗori ga ma'aikatan tashar jiragen ruwa, ya yi suna, amma likitoci suka sa shi gaba, har aka gurfanar da shi a kotu ba sau ɗaya ba. Da ya ga inda zamani ya dosa, sai ya tura 'ya'yansa maza biyar makarantar likita. Babbansu, Hugh Owen Thomas, wanda ya rayu daga 1834 zuwa 1891, ya haɗa hannun gado da ilimin makaranta, ya ƙera wani ƙarfen ɗori na cinya da har yanzu ake kira da sunansa. Wani matashi da ya taso a hannunsa, Robert Jones, shi ya sa sojan Ingila amfani da ƙarfen nan a Yaƙin Duniya na Ɗaya daga 1916. Alƙaluman da aka saba kawowa sun nuna cewa mutuwar sojojin da harsashi ya karya wa cinya ta sauko daga wajen kashi 80 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 20. Tun kafin haka, a 1867, babban likitan fiɗa James Paget ya yi wa ɗalibansa lacca a kan cututtukan da maɗora ke warkarwa, ya hore su da su koyi na kirki daga aikinsu, su guji na banza.

A cikin wannan tsakani ne aka sami kayan aiki guda biyu da suka raba asibiti da zaure. Wani likitan soja na Holan, Antonius Mathijsen, ya ƙago bandejin filasta a farkon shekarun 1850, wanda mutanenmu ke kira siminti. A 1895 kuma Wilhelm Röntgen na Jamus ya gano hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi. Daga nan likita ya fara ganin abin da maɗori ke lalube.

4.0 Zuwan asibitin ƙashi Nijeriya

Asibitocin farko na Turawan mulki a Arewa don sojoji da ma'aikatan gwamnati aka gina su. Sai a shekarun 1920 talaka ya fara samun wurin zuwa, sa'ad da aka buɗe asibitocin mishan irin na Bom da Wusasa, da asibitocin En'e irin na birnin Kano wanda yanzu ake kira Asibitin Murtala. Waɗannan duk na gama-gari ne, likita ɗaya ke duba zazzaɓi da haihuwa da karaya.

Asibitin ƙashi na musamman ya faro ne a Igbobi ta Ikko, inda aka kafa sansanin jiyyar sojojin da suka dawo da raunuka daga Yaƙin Duniya na Biyu, aka mayar da shi asibiti a 1945. A Arewa sai a watan Disamba na 1959, a zamanin gwamnatin Sardauna, aka buɗe Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, bisa ƙoƙarin wani likitan ƙashi Bature, A. F. Bryson, tare da haɗin gwiwar babban asibitin ƙashi na Landan, wanda ya riƙa aiko da likitoci. Daga baya asibitin ya shiga ƙarƙashin Cibiyar Lafiya ta Jami'ar Ahmadu Bello. Na Inugu kuwa yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ne ya haifar da shi. A 1979 Gwamnatin Tarayya ta yi doka ta haɗa ukun nan ƙarƙashin hukuma guda.

A nan akwai abin lura guda biyu. Na farko, biyu daga cikin asibitocin nan uku yaƙi ne silarsu. Na biyu, shekaru da dama Dala shi kaɗai ne asibitin ƙashi na musamman a faɗin Arewa, ana zuwa masa daga Sakkwato da Barno da ƙetaren iyaka. Uban da ɗansa ya faɗo daga kan mangwaro a wani ƙauye mai nisan kwana guda, in ya auna kuɗin mota da na hoto da kwanakin da zai bar gona, ga kuma maɗori a bayan gidansa, ba sai an faɗi inda zai nufa ba. Ba a kuma yi wani shiri na jawo maɗora kusa ba. Ba a koya musu ba, ba a koya daga gare su ba. Likita ya ɗauke su jahilai, su kuma suka ɗauke shi kishiya.

5.0 Cututtukan da suka cika ɗakunan yara

Shan inna ne ya fi kowace cuta cika ɗakunan yara a shekarun farko. Ƙwayar cutar kan kashe jijiyoyin da ke motsa tsoka, ƙafa ta shanye, gaɓoɓi su ƙage a lanƙwashe, yaro ya koma jan gindi. Aikin likitan ƙashi shi ne ya saki jijiyoyin da suka ƙage, ya miƙe ƙafar da filasta, a ɗaura mata ƙarfe da takalmi, a koya wa yaron tafiya da sanda. Wannan gyara ne bayan ɓarna. Rigakafin ya samu tun 1955, amma bai game ƙasarmu da wuri ba, kuma dakatar da shi da aka yi a Kano da wasu jihohi daga 2003 zuwa 2004 ya sa cutar ta sake bazuwa. An ga na ƙarshe da ainihin ƙwayar ta kama a jihar Barno a 2016, kana a watan Agusta na 2020 aka tabbatar da cewa nahiyar Afirka ta rabu da ita. Waɗanda ta riga ta taɓa suna nan tare da mu, kuma har yanzu suna bukatar ƙarfe da takalmi da keke.

Tarin fuka na ƙashin baya, wanda Percivall Pott ya bayyana a 1779, a da sai dai a kwantar da yaro watanni ko shekaru. Samuwar magungunan tarin fuka daga shekarun 1940 ta sa ana iya kashe cutar kafin ƙashin ya rushe, in an zo da wuri. Haka nan yara masu amosanin jini, watau sikila, ƙashinsu kan kamu da ƙwayoyin cuta ya yi ɗiwa, kan ƙashin cinya kuma kan mutu saboda toshewar jini.

Game da gwame da ƙafar baka, littattafan Turai sun koyar da cewa rashin bitamin D ne ke tausasa ƙashi, saboda ƙarancin rana. To, ƙasarmu ba ta rasa rana ba, amma ga yara masu lanƙwasassun ƙafafu. Binciken da Tom Thacher da abokan aikinsa suka yi a Jos, aka buga a 1999, ya nuna cewa a wurin yaranmu ƙarancin sinadarin kalsiyam ne a abinci, domin tuwon hatsi ya yi yawa, nono da madara sun yi kaɗan, kuma ba su kalsiyam ya fi ba su bitamin D shi kaɗai amfani. Wannan misali ne na ilimin da aka samo a ƙasarmu, ya gyara abin da aka kawo mana.

Murɗaɗɗiyar ƙafa kuwa, wadda akan haifi kimanin jariri ɗaya cikin 1,000 da ita, an daɗe ana yi mata babbar fiɗa, ƙafar ta miƙe amma ta sandare. Ignacio Ponseti na Jami'ar Iowa a Amurka ya fito da wata hanya, ya buga sakamakonta a 1963, amma sai a shekarun 1990 duniya ta karɓe ta. Ana murza ƙafar jariri da hannu a hankali, a sa filasta, a sake kowane mako har sau biyar zuwa bakwai, a ɗan yanke jijiyar agara, sa'an nan yaro ya riƙa kwana da takalma masu sanda a tsakani har ya kai shekara huɗu ko biyar. Fiye da kashi 90 cikin 100 kan miƙe in an fara da wuri. Hannu ne da ɗauri da haƙuri, watau kayan aikin maɗori, amma bisa sanin yadda ƙasusuwan ƙafa ke zaune.

6.0 Raunin wasa da abin da ke biyo baya

Yaron Bahaushe bai taɓa rasa hanyar karyewa ba. Akwai kokawa da dambe da langa, akwai sukuwa a kan doki da jaki, akwai hawan icce. Makarantar boko ta ƙaro ƙwallon ƙafa da guje-guje da tsalle-tsalle. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya tara dubban yara a filayen da ba ciyawa, sa'an nan nasarar matasan Nijeriya a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 16 a ƙasar Sin a 1985 ta sa kowane lungu ya zama filin ƙwallo.

Raunin yaro a wasa ya bambanta da na babba ta fuska biyu. Ta farko, kusa da kowane ƙarshen dogon ƙashi akwai wani faifan guringuntsi wanda daga nan ƙashin ke tsawo. Ya fi jijiyoyin gaɓa rauni, saboda haka faɗuwar da za ta zama targaɗe ga babba, ga yaro tana iya zama karaya ta wannan wuri. Robert Salter da Robert Harris sun rarraba irin wannan karaya gida biyar a 1963. In aka murza ta da sunan gyaran targaɗe, ƙashin na iya daina tsawo ko ya girma a karkace, kuma ba za a gani ba sai bayan shekara ɗaya ko biyu.

Ta biyu ita ce mafi muni. Yaro in ya faɗi ya dafa ƙasa da hannu, sau da yawa ƙashin dantse kan karye dab da gwiwar hannu, inda babbar jijiyar jini ke wucewa. Wurin kan kumbura ƙwarai a kwana biyun farko. In an ɗaure shi tamau da kara da igiya, kumburin ba shi da wurin zuwa, jini ya tsaya, tsoka ta fara mutuwa cikin kamar sa'a shida. In abin ya zo da sauƙi, yatsu su ƙage su dunƙule har abada, kamar yadda Richard von Volkmann ya bayyana a 1881. In ya tsananta, hannun ya yi baƙi ya ruɓe. Alamomin ba ɓoyayyu ba ne: zafi mai ƙaruwa maimakon raguwa, yatsu su kumbura, su yi sanyi, su daina ji. Amma akan ce wa yaro ya daure, ɗori ne ke kamawa.

Likitocin Asibitin Koyarwa na Zariya sun yi rubutu a shekarun 1990 suna nuna cewa irin wannan ruɓewa na cikin manyan dalilan yanke gaɓoɓin yara. Daga nan sai abin ya zama zagaye. Ana kai yaro asibiti bayan hannu ya mutu, likita ba shi da zaɓi sai yankewa, labari ya koma ƙauye cewa asibiti yanke hannu suke yi, na gaba ya ƙara jinkiri. Ya kamata a faɗi gaskiya, filastar asibiti ma in ta matse ba a tsaga ta ba, ɓarnar ɗaya ce. Bambancin shi ne ma'aikacin asibiti an koya masa ya duba yatsu. Wani rahoto daga kudancin Habasha da aka buga a 2005 ya nuna cewa bayan ɗan gajeren horo da aka ba maɗora a kan haɗarin matse ɗauri, yawan yanke gaɓoɓi ya ragu sosai.

7.0 Kammalawa

Mun ga cewa fannin nan don yara aka kafa shi, kuma manyan nasarorinsa a ƙasarmu, daga shan inna zuwa gwame da murɗaɗɗiyar ƙafa, duk sun rataya ne a kan zuwa da wuri. Mun kuma ga cewa abin da Ingila ta samu a gidan Thomas, mu ba mu neme shi ba. Maɗori ba zai gushe ba muddin shi ne mafi kusa da mai ciwo, saboda haka hikima ita ce a yi aiki da shi.

Shawararmu uku ce. Ta farko, ma'aikatun lafiya su bi ta hannun sarakuna da Sarakunan Ɗori su shirya wa maɗora horo a cikin Hausa, a koya musu sassauta ɗauri, da duba yatsu, da sanin karayar da ba tasu ba ce, watau wadda ta huda fata, da ta gwiwar hannu, da ta kusa da gaɓa, da ta ƙashin baya, kuma wanda ya turo majiyyaci asibiti a karɓe shi da mutunci. Ta biyu, a saukaka kuɗin hoton ƙashi da filasta ga yara a asibitocin ƙananan hukumomi, domin kada sai an je Dala. Ta uku ta shafe mu kai tsaye, mu masu horar da malamai. Malamin firamare shi ke tsaye a bakin fili sa'ad da yaro ya faɗi, shi ke ganin ɗingishi da karkatar baya kafin kowa, kuma iyaye na jin maganarsa. Bai kamata ɗalibi ya bar kwalejin ilimi ba tare da ya san yadda ake tallafe karyayyen hannu ba, da alamomin ɗaurin da ya matse, da kalmomin da zai faɗa wa uban yaro a daren farko, tun yatsun na motsi.